Saɓani da Suka a Gidan Shehu

A wajenmu, a Zakka da garuruwan Safana da Batsari, idan ɗalibi ya ce wa malaminsa ba haka ya fahimta ba, kafin la'asar sai ka ji ana cewa ya zagi malam. Ni kuwa ina ganin tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai goyi bayan wannan ɗabi'a ba.

Shehu ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya bi shi Agadas. Malam Jibrilu yana ganin Musulmin da ya dulmuya cikin manyan zunubai ya kafirta. Shehu ya ƙi wannan ƙiri-ƙiri. A cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya ya kawo maganar malamin nasa ya warware ta, ya tabbatar cewa mai saɓo fasiƙi ne, ba kafiri ba. Duk da haka bai taɓa mutuncinsa ba. Uzuri ma ya nema masa, kuma bai daina ambatonsa da girmamawa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Shehu ya yi da aka saɓa masa shi kansa. A 1807 ƙanensa Abdullahi ya bar rundunar jihadi saboda son duniya da ya gani cikin jama'a, ya nufi gabas, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Diya'ul Hukkam. Ya tsananta a kan al'amuran da Shehu ya sassauta, kamar kaɗe-kaɗe da laƙabin sarauta. Shehu ya mayar da jawabi a Najmul Ikhwan, a 1812, kuma cikin littafin nan ɗin ya hori almajirai da karanta rubuce-rubucen Abdullahi. A shekarar ce ya danƙa masa yammacin daula.

Sai da batun gadon mulki ya shigo sannan zukata suka ɓaci. Da Shehu ya rasu a 1817, Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Babu wata mas'ala ta ilimi a nan da za a warware da alƙalami. Ya juya, zumunci ya yi sanyi, har sai da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo masa ɗauki da mayaƙa. A nan ne baffan ya yi wa ɗan wansa mubaya'a.