Daga Bakin Fatake Zuwa Allon Waya: Yadda Labarin Kasuwa Ke Isowa Agege

Goro da jirgin ƙasa ne suka raya Zangon Agege. Layin dogon da ya taso daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai kakanninmu fatake suka samu gonakin goro a bakin hanya, suka yada zango. A wancan zamani labarin kasuwa tare da kaya yake tafiya. Baƙon da ya sauka da shanu, bayan an yi masa barka da hanya an ba shi ruwa, sai mai masauki ya matso da tabarma: nawa ka baro ƙwaryar goro a Kano? Damina ta yi kyau? Abin da ya ji a daren nan shi zai yanke farashin huhun da za a ɗaure gobe. Jarin dillali a lokacin bai wuce abin da ya riga kowa ji ba, kuma da shi yake cin la'adarsa.

Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya a 1939, BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sai muka fara jin duniya da harshenmu. Sai dai yaƙi da siyasa suka fi kawo mana. Farashi kuwa a tasha ake jin sa. A waɗannan shekaru ne aka haƙo mai a Oloibiri a 1956, aka kuma kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961 da takardun jari 19 kacal. Tana can tsibirin Ikko, tafiyar yini ba ta kai ba, amma a wurin mai goro kamar a wata ƙasa take. Shi dukiya ita ce wadda ido ke gani: sa, gida, gona.

Naira ta karɓi fam da sule a 1973, kuɗin mai suka malalo, jirgin ƙasa ya fara ja da baya, manyan motoci suka gaje shi. Daga nan kuɗin man mota ya shiga cikin kuɗin kowane kwandon tumatir da ake saukewa a Mile 12 da kowane san da ake yankawa a mahautar Oko-Oba. Babban juyi kuwa ya zo ne a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, ta bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Canji, wanda da can harkar alhazai ce a lokacin aikin hajji, ya zama sana'ar dubban 'yan Arewa a Legas. Tun daga lokacin, mai shago da bai taɓa riƙe dala ba ya koyi tambayar nawa take yau.

Wayar salula ta shigo a 2001, ta raba labari da kaya. Kafin tirela ta bar Funtuwa, mai saye a Agege ya san nawa aka loda buhu. Dillali bai mutu ba, amma yanzu amana yake sayarwa, don labarin kowa na da shi. Bayan an tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 a 2005, tallar hannun jari ta cika gari, kamfanin sukari na Dangote ya shiga kasuwar a 2007, wasunmu ma suka tsoma hannu. A 2008 kasuwar ta rufto, takardu suka koma ba su da daraja a hannun jama'a. Masu gudun riba da masu gudun asara suka haɗu a kan ra'ayi ɗaya, shi ya sa har bayan buɗe bankin Jaiz marar kuɗin ruwa a 2012 da dama ba su sake leƙawa ba.

Man fetur kuwa ba ya barin kowa ya kau da kai. Mun ga haka a Janairun 2012, da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, Legas ta tsaya cik har aka mayar da ita 97. Mun sake gani a ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi: cikin kwanaki lita ta bar ƙasa da naira 200 ta doshi 500, a watan Yuni kuma aka sake wa naira linzami. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024, kuma duk sanarwar farashinta kan iso wayar ɗan acaba da mai shayi kafin su buɗe harka.

Saurin labari ya rage mana cutar da jahiltar farashi ke jawowa, amma ya zo da nasa nauyin. Da can kaya kan iso sannan a yi musu kuɗi. Yanzu jita-jitar tashin dala kaɗai ta isa a ƙara wa buhun da ya yi wata a sito kuɗi, idan kuma ta sauka ba a gaggawar ragewa. Don haka ɗan kasuwar da zai daɗe a Agege sai ya iya abin da kakansa ya iya: tantance wanda ya kawo labari kafin ya taɓa farashi.