Sabon koci zai iya tada ƙungiyar da ta faɗi?

Daren jiya musu ya kaure a gidan kallon ƙwallo nan Wurno: wai kocin da bai taɓa riƙe ƙungiya ba zai iya maido da wadda ta faɗa ƙaramin rukuni? Wani abokina mutumin Goronyo har da rantsuwa, ba ya yiwuwa. To, mu tambayi tarihi.

A 2011 River Plate ta Ajantina ta faɗi, karo na farko a tarihinta. Matias Almeyda na cikin 'yan wasan da suka faɗi da ita. Ya ajiye wasa, aka damƙa masa ƙungiyar, a 2012 ya maido ta.

Amma a 2009 Newcastle ta Ingila ta kira Alan Shearer, shi ma sabon hannu. Wasa takwas, ɗaya kacal ya ci, ta nutse.

Ina bambancin? Almeyda kaka guda cur aka ba shi, aka kawo masa Cavenaghi da Trezeguet. Shearer kuwa sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada aka tuna da shi.

A gida ma, Kano Pillars mai kofin gasa huɗu ta faɗi a 2022, har da zabtare mata maki saboda rikicin magoya baya. Wannan laifin koci ne? A 2023 ta dawo.

Don haka jama'a, sabon koci zai iya, in an ba shi lokaci, aka biya 'yan wasa haƙƙinsu. Masu fatan ganin Sokoto United a babban rukuni, a nan aikin yake.