New Lanark: Masaƙar Bakin Kogi da Asalin Gama Kai

Tunda muna bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya dace mu san inda tunanin gama kai irin na zamani ya fara tsiro. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne New Lanark, wani ƙauyen masaƙa a bakin Kogin Clyde, a Sikotland ta ƙasar Birtaniya.

A 1785 wani attajiri, David Dale, ya kafa masana'antar kaɗin zaren auduga a wurin. Ruwa ne ya kai shi can. A lokacin babu lantarki, sai aka fasa dutse aka yi wa ruwan kogin hanya ta ƙarƙashin ƙasa, ya gangaro yana juya manyan ƙafafun da ke tuƙa injuna. An gina masaƙun da dutse, hawa biyar zuwa shida, tagogi reras a jere domin hasken rana ya wadaci masu aiki, waɗanda yawancinsu mata ne da yara. Auduga kuwa ba ta shiri da wuta. Da gobara ta cinye masaƙa ta uku a 1819, sai aka sake gina ta da ginshiƙan ƙarfe da rufin bulo.

Surukin Dale, wato Robert Owen, ya karɓi ragamar wurin a 1800. Ya hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki. A 1813 ya buɗe kanti mai sayar da kaya masu kyau da rahusa, ribar kuma ta tafi ga makaranta. A 1816 ya buɗe gidan karatu inda ake kula da ƙananan yara, uwa ta tafi aiki hankalinta kwance. Har yau kantin da makarantar suna tsaye kusa da masaƙun. Duk wanda ya dubi ginin zai ga inda riba ta shiga.

Sai dai fa kantin ba na ma'aikata ba ne, na masu masaƙa ne. Alherin mutum ɗaya ne, in ya ga dama ya yi, in ya tafi sai yadda magajinsa ya so. Owen kuwa ya bar wurin a 1825. Wannan giɓi ne mutum 28 suka cike a garin Rochdale na Ingila a 1844. Suka haɗa taro da sisi suka buɗe kanti nasu na kansu: kowane mamba ƙuri'a ɗaya, riba kuma a raba gwargwadon sayayyar mutum. A 1846 mace ta farko, Eliza Brierley, ta zama mamba.

Masaƙar New Lanark ta daina aiki a 1968, gine-ginen suka fara lalacewa. Daga baya aka gyara su, har UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Yanzu masaƙa ta farko otal ce, gidajen ma'aikata kuma da mutane a ciki.

To 'yan uwa, mu ba mu da wani attajiri a kanmu, mu ne masu kanti, mu ne masu ƙuri'a. Idan an zo taron rabon riba na bana, kowacce ta zo, ta saurari lissafi, ta faɗi ra'ayinta kan abin da za a raba da abin da za a ware wa karatun 'ya'yanmu. Allah ya ƙara mana haɗin kai, amin.