Tarihin Karen Azawak da Halinsa

A arewa da Tawa, cikin ƙasar Nijar, akwai wani babban kwari da a ke kira Azawak, wanda ya miƙa har cikin ƙasar Mali wajen Minaka. A zamanin da can kogi ne ke gudu cikinsa, amma yau sai rairayi da ciyawa da rijiyoyi masu zurfi. Buzaye da Fulani su ke yawo da dabbobinsu a wurin. A hannunsu a ke samun wani irin kare siriri mai dogayen ƙafafu, wanda Buzaye ke kira oska, Turawa kuwa suka sa masa sunan kwarin.

Zaman kare tare da mutum a Sahara daɗaɗɗe ne ƙwarai. Kafin hamada ta bushe, shekara wajen 5,000 da suka wuce, mutanen da suka zauna duwatsun Tasili, a kudancin Aljeriya ta yanzu, sun zana shanu da raƙuman dawa da maharba da karnukansu a jikin dutse, zanen kuwa yana nan har yau. Da ruwa ya janye sai makiyaya suka yi ta gangarowa kudu, karnukansu na biye da su. Ƙasar da suka tarar ba ta raga wa rago. Kare mai nauyin jiki, ko wanda ba ya motsi sai an umarce shi, ba shi da amfani a can.

Aikin karen Azawak iri biyu ne. Da dare shi ne mai tsaron zango, yana korar kura da dila daga garke, yana kuma faɗakar da mutane in baƙo ya doso. Da rana kuwa maharbi ne, yana bin barewa da zomo. Da ido ya ke farauta, gudunsa ya kan kusa mil 40 cikin awa ɗaya. To, ka ga sa'ad da ya tasam ma barewa ya bar ubangijinsa can baya bisa raƙumi, ba mai ce masa bi nan ko tsaya can. Shi kaɗai zai yi wa kansa shawara. Wannan shi ne asalin halin nan nasa da waɗansu ke kira taurin kai.

Karyarsa sau ɗaya ta kan haihu a shekara. Da ya ke abinci ba shi da yawa a daji, makiyaya su kan zaɓi ɗan kwikwiyo ɗaya ko biyu su rena da nono da gero, ya tashi cikin yaran gida. Saboda haka ya kan shaƙu da mutanen gidansu ƙwarai, amma ba ya sakin jiki da wanda bai sani ba.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi ƙasar Turai, watau Yugoslabiya ta lokacin da Faransa. A shekarar 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin littafinta. Amma a gida al'amari ya yi masa wuya. Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974, da na 1984, sun hallaka dabbobi da yawa, makiyaya masu yawa suka koma zaman gari. Bindiga da mota kuma sun rage bareyi ainun. In garke ya watse, farauta ta ƙare, wa zai ci da kare?

Malamai sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Wanda ya ajiye irin wannan, to, ya san abin da ya ɗauka. Hali zanen dutse ne, sanda ba ta kankare shi. In ka doke shi sai ya ƙi ka, ya daina zuwa in ka kira. Tun yana ɗan kwikwiyo za a saba masa da mutane da awaki da kaji, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kada a ɗaure shi yini guda, a ba shi fili ya yi gudu kullum. In an ga haƙarƙarinsa kaɗan a waje kada a ce yunwa ce, halittarsa ke nan, ƙiba cuta ce gare shi. Fatarsa ba kauri, don haka a nema masa wurin kwana mai ɗumi lokacin hunturu. A kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare, don lafiyarsa da ta mutanen gari.

Wanda ya yi haƙuri da shi, ya bi shi da lalama, zai sami mai tsaron da ba ya barci a kan amana. Allah ya ba mu ikon tausaya wa dabbobin da ke hannunmu, amin.