Tarihin Danƙo da Gam a Adon Ɗaki a Bauchi

Adon ɗaki a birnin Bauchi ya daɗe yana tafiya tare da sanin abin da ke kama abu ya riƙe shi. Kalmomi uku ne suka raba wannan fage a Hausa. Ƙaro shi ne ruwan da ke tsattsafowa daga jikin wasu itatuwa ya daskare, in an jiƙa shi ya narke. Danƙo ya fi faɗi, domin ya haɗa duk abin da ke da kamu, tun daga na kaɗanya har na gamji, kuma daga nan ne aka samo maganar ƙara danƙon zumunci. Gam kuwa baƙo ne, da shi da sunansa duk daga kanti suka shigo. Tarihin waɗannan uku shi ne tarihin yadda ado ya tashi daga hannun magina da dukawa da gyartai, ya koma hannun duk mai sha'awa a cikin gidansa.

Zamanin ginin ƙasa

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi wajen 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Jahun da Ƙofar Nassarawo. Sabon birni yana jawo masu sana'a, sai magina da marina da majema da dukawa suka zauna kusa da juna, abin da wannan ya zubar wancan ya ɗauka. A wancan zamani adon ɗaki a jikin ginin yake. Bango da daɓe da rufi su ne abin kallo, saboda haka babban aikin abin kamu shi ne ya ƙarfafa ƙasa, ya hana ruwa cin ta.

Makuba ce ta fi yaɗuwa. Daga ɗorawa ake samun ta: bayan an cire garin an ware kalwa don daddawa, sai a tara ɓawon a jiƙa shi ko a dafa, ya ba da ruwa ja mai duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar yaɓe, da shi kuma ake daɓe. Daɓe aikin gayya ne na mata. Ana baza tsakuwa ko marmara a ƙasan ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, suna bugu a tare suna waƙa don hannu ya zo ɗaya. In ƙasa ta kwanta sai a bi ta da ruwan makuba, a sake bugu, a bari ta sha iska, a ƙara. Daɓen da ya sha makuba sosai yakan yi santsi da sheƙi, ya shekara ana share shi bai tashi ba. Wasu kan haɗa da ruwan bagaruwa, wadda majema ke jima da ita.

Laso ya fi makuba tsada da wahala. Ana haɗa shi da katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, wanda ake ƙonawa a daka, da gashin jima da ake kwasowa daga majema, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Gashin yana hana tsagewa, dafara tana haɗa jiki. Da laso ake shafe cikin rijiyar rini da saman soro da bangon gidajen masu hali. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, arewa da Bauchi, yana nuna inda ginin ƙasa ya kai a ƙasar. Ana danganta shi da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya, an gina shi wajen 1860, kuma a 1956 aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Bakan gizonsa da zanen bangonsa duk ƙasa ce da azara, babu siminti ko ƙusa.

Ƙaro da danƙo a hannun masu sana'a

Ƙananan kayan ado suna da nasu abin kamu. Ƙaro mafi kyau daga ɗakwara yake fitowa, sai na dushe, sai na itatuwa irin su marke da taramniya. Da rani ake tsintar sa, lokacin da ɓawon itace ke tsagewa. Malamai da almajirai su ne manyan masu amfani da shi a gari, domin tawada ba ta zama a allo ko takarda sai an haɗa baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro. Da irin wannan haɗi ake zayyanar allon sauka, wanda bayan biki ake ratayewa a ɗaki ya zama ado da abin alfahari. Masu wankin hula ma suna sa ƙaro don hula ta tsaya.

Danƙon kaɗanya da na gamji kuwa da wuta ake sarrafa su. Ana ɗumama danƙo ya yi laushi, a toshe hujin tulu ko tsagar ƙwarya, ya huce ya ƙame. Yara suna shafa shi a reshe su kama tsuntsaye. A farkon mulkin Turawa danƙon gamji har ya shiga kayan da ake fitarwa waje, 'yan kasuwar Ingila suna kiran sa jar robar Kano.

Abin lura shi ne, a tsohuwar sana'a liƙi mataimaki ne kawai, allura da zare su ne ke riƙewa. Baduku yakan shafa kunun gari ko na sitaci ya manna fata a kan fata don kada ta goce, sannan ya bi da basilla da zaren da ya goga wa kakin zuma. Haka ake yin titimi da gafaka da kube da layu. Gyartai ma huda ƙwarya yake ya ɗinke ta, daga baya ya bi ɗinkin da danƙo. Dalili a fili yake: ƙaro da sitaci ruwa na narkar da su, danƙo kuma zafi na sassauta shi. Wannan rauni yana da nasa amfani, domin abin da aka liƙa da su ana iya ɓamɓare shi a gyara ba tare da an ɓata shi ba.

Jere da zuwan kwano

Ɗakin amarya shi ne dandalin adon mata. A da, jere na ƙore ne da akusa da faya-fayai da tasoshin tagulla, ana ɗora su bisa juna daga babba zuwa ƙarami. Bayan Turawa sun ci Bauchi a 1902, kayan kanti suka riƙa shigowa, jirgin ƙasa kuma ya ƙara musu hanya da ya iso garin a farkon shekarun 1960, kafin ya kai Maiduguri a 1964. Kwanukan sha da langa da fanteka da farantai masu fure, waɗanda a da daga Turai da Hong Kong ake kawo su, aka fara ƙera su a Legas da Kano. Mata suka ɗauki sabon kaya suka sa shi a tsohon tsari. Ranar kafi, dangin amarya sukan manna ƙananan farantai a bango sahu-sahu da ɗanyar ƙasa ko danƙo, har bango ya rufe, fitila ɗaya ta haska ɗaki duka. Yawan jere da daidaituwarsa su ne ma'aunin gatan yarinya.

Shigowar gam

Irin gam na sinadarai da ake amfani da shi yanzu ɗan ƙarni na 20 ne. A Jamus aka gano sinadarin da ake yin farin gam na kafintoci a 1912, a can kuma August Fischer ya fito da UHU a 1932. Kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da Araldite a shekarun 1940. Wanda ake kira sufagulu kuwa, Harry Coover na Amurka ne ya ci karo da sinadarinsa a 1942, aka yi watsi da sinadarin saboda yana kama duk abin da ya taɓa, sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya sa shi a kasuwa saboda wannan halin nasa.

A Bauchi, masu sana'ar maza ne suka fara riƙe gam. Masu faci suna liƙe tayar keke da sholisho, masu gyaran takalma suna amfani da Evo-Stik, kafintoci kuma da farin gam. Shekarun 1970 ne suka kai shi ɗakin mata. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, sannan zaman Bauchi babban birnin jiha a 1976, sun kawo ma'aikata da gidajen siminti da kwano. Bangon siminti ba ya karɓar faranti kamar na ƙasa, sai jere ya koma cikin kabad mai gilashi. Gado da kabad na fomeka suka zama yayi, ita kuwa fomeka ba a kafa ta da ƙusa, shafa mata gam ake yi a manna a kan falanki. Daga nan ne liƙi ya daina zama mataimaki, ya zama shi ne ke riƙe kaya.

Ado ya koma aikin gida

Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya tura mutane da yawa neman sana'ar hannu. An kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa a 1986, shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara ya biyo baya a 1987, cibiyoyin mata suka riƙa koyar da saƙa da ɗinki da haɗa kayan ado. Hukumar yi wa ƙasa hidima ta ƙara koyon sana'a a sansanoninta daga 2012, har da na Wailo a jihar Bauchi. Wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Najeriya daga 2001, daga baya ta zama makaranta: ana kallon yadda ake aiki a YouTube da TikTok, ana tallar abin da aka yi a WhatsApp da Facebook. Wannan ya dace da matan aure da ke sana'a daga cikin gida, tunda jarin kaɗan ne, aikin kuma ba ya buƙatar keken ɗinki ko shekarun zama a gaban maigida.

Kayan aikin ana samun su a kasuwannin Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa, akasarinsu ƙirar ƙasar Sin ne da ke biyowa ta Legas da Kano. Abin da ake yi ya haɗa da firam ɗin madubi, da furen roba, da gidan tishu, da kwandon kayan kwalliya, da maficin amarya, da jaka da takalmi da awarwaro da ake lulluɓewa da atamfa, da duwatsu masu ƙyalli da ake jerawa a mayafi. Madubin bango misali ne mai kyau. Ana yanka kwali mai kauri a kewaye, a lulluɓe shi da yadi, a manna madubi a tsakiya. Sai a karya kawunan cokulan roba, a fesa musu ruwan zinariya, a sa sandar gam a bindigarta a jira ta yi zafi. Daga bakin kwalin ake farawa, ɗigo ɗaya cokali ɗaya, kowane sahu yana rufe gindin na bayansa kamar ɓawon kifi, har a iso bakin madubi a rufe da jerin duwatsu. Kayan sababbi ne, amma sahu-sahun da son ƙyalli irin na jeren farantai ne.

Iri-irin gam da halayensu

Kowane gam da inda ya fi ƙarfi. Farin gam irin su Top Bond na katako ne da takarda da kwali, yana kamawa in ruwansa ya bushe, kuma ba ya jure jiƙa. Gam ɗin takalma ana shafa shi a fuska biyu, a jira har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danne, in an haɗa shi yana ɗanye ba ya riƙewa. Araldite bututu biyu ne da ake gauraya daidai wa daida, yana kama ƙarfe da gilashi da tangaran. Sufagulu da danshin iska yake ƙamewa, shi ya sa yake saurin kama yatsa, yake kuma jinkiri a bushewar hunturu. Masu gyara sukan barbaɗa masa toka ko lallausan yashi don cike gurbi. Gam ɗin kyandir, wanda bindiga ke narkarwa, ya fi kowanne sauri, amma jikan danƙo ne a hali: kayan da aka bari a rana ko cikin mota a zafin Maris da Afrilu sukan saki.

Akwai haɗari da tsoffin kayan ba su da shi. Sufagulu in ya zuba a auduga yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata, in ya kama yatsu kuma da ruwan ɗumi da sabulu ko maganin goge jan farce ake raba su, ba da fizga ba. Gam ɗin takalma da sholisho suna kama wuta, tururinsu yana bugarwa, shi ya sa ake aiki da su a inda iska ke shiga, shi ya sa kuma shaƙar sholisho ta shiga cikin abubuwan da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ke fama da su.

Tsoffin kayan ba su ɓace duka ba. Makuba da laso sun ja baya zuwa ƙauyuka da aikin gyaran gine-ginen tarihi, tunda siminti da tayil sun maye gurbin daɓe, roba kuma ta rage wa gyartai aiki. Ƙaro kuwa kasuwarsa ta ƙaru. Bauchi tana cikin jihohin da ake samun sa tare da Borno da Yobe da Jigawa, ana tace shi daraja uku a fitar da shi waje, inda ake sa shi a lemon kwalba da alewa da magunguna. A makarantun allo na cikin gari har yanzu da shi ake haɗa tawada.