Me ya sa maganin tsutsar ciki ke daina yi wa bisashe aiki?

Tsutsar Haemonchus, mai shan jinin tumaki da awaki, tana zuba dubban ƙwai a rana guda. In muka ba dabba albendazole ko ivermectine, yawancin tsutsotsin kan mutu, amma ƴan kaɗan da aka halitta da juriya sai su tsira. Su ne ke hayayyafa, su gadar wa ƴaƴansu juriyar, har maganin ya koma kamar ruwa.

Mu ma muna taimaka musu: raba ƙwaya biyu don tsimi, sayen jabu a kasuwa, maimaita magani iri ɗaya shekara da shekaru. To, mu ba kowace dabba awon da ya dace da nauyinta. Akuya ma ta fi tunkiya buƙata. Kafin damina, mu nemi shawarar likitan dabbobi.