Zinariya da Kurmi a Giyana ta Faransa

Giyana ta Faransa yanki ne da ke gaɓar arewa maso gabashin nahiyar Kudancin Amurka, tsakanin Burazil da Surinam, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 84,000, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasarsa kurmi ne mai duhu. Tun shekarar 1946 yankin ya tashi daga matsayin ƙasar mulkin mallaka ya zama sashen Faransa, wato dokar da aka yi a Faris tana aiki a Kayen, babban birninsa. Amma mafi yawan jama'a suna zaune ne a bakin teku, tsakiyar ƙasar kuwa ba a shigarta sai da kwalekwale ko jirgin sama, kuma a wannan tazara da ke tsakanin inda hukuma take da inda arzikin yake ne tarihin zinariyar yankin ya ginu.

An gano zinariya a shekarar 1855 a rafin Arataye, wanda ke zuba a kogin Approuague, lokacin da wani ɗan asalin yankin Amazon da ya fito daga Burazil, mai suna Paoline, ya nuna wa jami'in gundumar, Félix Couy, inda ƙasar ke ɗauke da ita. Abin ya zo ne shekara bakwai bayan haramta bauta a 1848, a daidai lokacin da manyan gonakin bakin teku suka rasa hannayen da suke noma su a kan tilas, saboda haka sai 'yantattun bayi da 'ya'yansu suka fuskanci kurmi, daga baya kuma ma'aikata daga tsibiran Martinique da Guadeloupe da Sainte-Lucie suka bi sahunsu. Waɗanda suka riƙe sufuri su ne Aluku da Saramaka, jikokin bayin da suka tsere daga gonakin Surinam suka kafa garuruwansu a daji, domin su ne suka san yadda ake tsallake duwatsun kogi da kwalekwale cike da kaya. Zinariya ce ma ta sa aka tsayar da iyakokin yankin, domin rigimar Faransa da Holan, mai mulkin Surinam a lokacin, a kan ƙasar da ke saman kogin Maroni ta ƙare da hukuncin Sarkin Rasha a 1891, ta Faransa da Burazil kuma da hukuncin Suwizalan a 1900, kuma duka biyun Faransa ce ta yi asara.

Aikin wancan zamani na hannu ne: a haƙa gefen rafi, a wanke ƙasar a cikin kwararon katako ko faffaɗan akushi, sa'an nan a zuba zaiba, wato farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, wadda ke kama ƙwayoyin zinariya su dunƙule, daga nan a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi ta bar zinariya. Abin lura shi ne, bayan shekaru kusan tamanin na wannan aiki, tsakiyar ƙasar ba ta samu hanyar mota ko wata masana'anta mai ɗorewa ba, noma kuma bai farfaɗo ba. A 1930 Faransa ta ware cikin ƙasar ta mai da shi yanki na daban mai suna Inini, wanda ya rayu har 1969, amma kafin lokacin ramuka da yawa sun mutu, ƙauyukan mahaƙa sun watse.

Tashin farashin zinariya daga shekarun 1970 ne ya sake buɗe kurmin, sai dai a wannan karon da injuna. Daga shekarun 1990 dubban mahaƙa 'yan Burazil, waɗanda ake kira garimpeiros, suka riƙa tsallako kogunan kan iyaka, wato Oyapock da Maroni, ba tare da izini ba, ɗauke da famfunan da ke feshin ruwa da ƙarfi har su narkar da gefen rafi, da kuma jiragen da ke zuƙo yashi daga ƙasan kogi. Ɓarnar tana da fuska biyu, kuma wadda ido ke gani ita ce mai sauƙi: ruwa ya koma laka, kifi ya ragu. Wadda ba a gani ita ce ta zaiba, domin idan ta kwanta a ƙasan ruwa ƙwayoyin halitta suna juya ta zuwa wani nau'i mai tsananin guba, ƙananan kifaye su ɗauka, manya su cinye ƙanana, gubar ta taru a jikin manyan kifaye irin su aïmara. Mutanen Wayana na saman Maroni kifi ne abincinsu na yau da kullum, kuma binciken lafiya tun shekarun 1990 ya nuna zaibar da ke gashin da yawa daga cikinsu ta wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, alhali wannan guba ta fi yi wa ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ƙananan yara lahani. Mutanen da suka fi kowa ƙarancin rabo a cinikin su ne suke ɗauke da kuɗinsa a jikinsu.

Matakan hukuma sun zo a jere. An haramta amfani da zaiba wajen haƙar zinariya daga farkon 2006, aka kafa Gandun Amazon na Giyana a 2007 mai faɗin kusan murabba'in kilomita 34,000, aka ƙaddamar da farmakin Harpie a 2008, inda sojoji da jandarmomi ke shiga daji suna lalata injuna da sansanoni, sa'an nan a 2012 aka fara aiki da tsarin da ya raba ƙasar gida-gida, daga inda aka hana haƙa baki ɗaya zuwa inda aka yarda da ita bisa sharuɗɗa. Mai izini wajibi ne ya riƙa juya ruwan wankinsa a cikin kududdufai maimakon sakinsa a rafi, ya kuma cike ramuka ya dasa itatuwa idan ya gama. Wannan shi ne abin da ake nufi da ci gaba mai ɗorewa a wannan sana'a, wato a ci moriyar ƙasa ba tare da an kashe wa na baya ruwa da daji ba. Sai dai dokar tana kama wanda ya yi rajista ne kawai, kuma zinariyar da ake fitarwa bisa izini, wadda ba ta cika wuce tan ɗaya zuwa biyu a shekara ba, ƙiyasi ya nuna ta ɓoye ta ninka ta sau da yawa. Sansanin da aka ƙona yakan sake tashi cikin makwanni, tunda man fetur da shinkafa da zaiba suna nan a shagunan da ke ɗaya gaɓar Maroni, inda ikon Faransa bai kai ba. Aikin kuma yana cin rai, domin a 2012 an kashe sojojin Faransa biyu a yankin Dorlin.

Daga nan ne muhawarar manyan kamfanoni ta taso, inda masu goyon baya ke cewa babban rami guda mai biyan haraji, mai ɗaukar matasan da rashin aikin yi ya addaba, ya fi ɗaruruwan ramukan ɓoye. Hujjar tana da nauyi, amma tana da rauni a wuri guda, domin buɗe babban rami ba ya rufe ƙanana, kuma kamfani yana amfani da sinadarin sayanayid yana tara dagwalonsa a bayan madatsa, a ƙasar da ruwan sama ke sauka da yawa. A 2008 Shugaban Faransa Sarkozy ya ƙi amincewa da shirin haƙa a tsaunin Kaw, sannan shirin Montagne d'Or na kamfanonin Nordgold da Columbus Gold, a kudancin Saint-Laurent-du-Maroni, ya gamu da adawar ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa da masu kare muhalli, har gwamnati ta bayyana a watan Mayun 2019 cewa bai dace da ƙa'idojin muhalli ba. Kamfanin da ke riƙe da shirin ya kai ƙara kan sabunta izininsa, shari'ar ta ja shekaru, kuma a duk tsawon lokacin kwalekwalen fetur ba su daina haura kogin Maroni ba.